Kafin Ka Shafa wa Katakon Waje Banish

Ƙannena masu koyon kafinta, da ku da kuka fara harhaɗa gidajen kanku, akwai wata buƙata da ake yawan zuwa da ita wurin mai aikin katako, kusan kullum da kalmomi iri ɗaya: "A sa masa wanda ba zai rufe katakon ba, ina so a ga jikinsa." Buƙata ce mai ma'ana. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi maɗaci ko loko ya yi ƙofar gida, ko bencin ƙofar shago, ko shingen lambu, ba zai so a binne masa jan launin itacen da zanen jijiyoyinsa a ƙarƙashin fenti ba. Sai kafinta ya ɗauko gwangwanin banish ya shafa sau biyu, aiki ya fito yana ɗaukar ido, a biya shi, a rabu ana godiya. Abin da nake so ku gane shi ne, duk shafin da ake hango katako ta cikinsa, in dai a waje katakon zai kwana, alkawari ne aka ɗauka na komawa kansa duk shekara ko shekara biyu, muddin katakon yana nan. Wanda ya san ba zai cika alkawarin ba, ko ba zai iya faɗa wa mai kaya gaskiyar lamarin ba, gara ya zaɓi wani abu tun farko.

Amurkawa na cikin waɗanda suka fi bin diddigin wannan al'amari, kuma dalilinsu a fili yake. Yawancin gidajensu da katako ake gina su, da yawa ana lulluɓe bangonsu na waje da falankai, ga dandamalin katako a bayan gida inda ake zaman shan iska, ga shinge kewaye da fili. A garin Madison na jihar Wiskonsin akwai cibiyar binciken katako ta gwamnatin tarayyarsu, wadda aka buɗe a 1910. Ta shafe shekaru masu yawa tana jera falankai a fili, a shafa wa wannan abu kaza, a bar wancan haka nan, a zuba ido a ga yadda rana da ruwa za su yi da su. Darasin farko da ya fito daga wannan aiki shi ne, ɓarnar rana daban, ɓarnar ruwa daban, kuma wanda ya cuɗe su ba zai san abin da yake magani ba.

Jikin itace zaruruwa ne sirara da wani sinadari mai suna lignin ya manne su wuri ɗaya, kuma wannan sinadari ya kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen katako. A cikin hasken rana akwai ɓangaren da ido ba ya gani, wanda masana ke taƙaita sunansa da UV, shi ne yake farfasa lignin ɗin da ke fatar katako. Ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya farfashe, a bar zaruruwa a sake, ƙura da fumfuna su zauna a kansu, katako ya koma ruwan toka. To amma ku lura da adadin: a kan katako mai taushi irin na gidajen Amurka, wannan zaizaya ba ta cin fiye da kimanin milimita 6 a cikin shekara 100. Ke nan rana kyau take ɓatawa, ba ta karya falanki. Mai karya falanki shi ne danshin da ya shiga ya rasa hanyar fita. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa iya aiki a katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, sai ya jiƙe ya daɗe a jiƙe suke samun wurin zama. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa kowane shafi ita ce: in ruwa ya samu ya shiga, domin zai shiga, zai iya fita?

A nan banish yake faɗuwa. Banish fata yake yi a saman katako, fatar kuwa garai take, shi ya sa ake sonta. Amma hasken da ya ba idonka damar ganin jijiyoyin itacen, shi ne dai yake ratsawa ya ci lignin ɗin da banish ɗin yake manne a kai. Ko da fatar tana da sauran ƙarfi, abin da take riƙe da shi ya zama gari. Ƙari a kan haka, katako ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa kokawa da ƙofa a watan Agusta, ya kuma ga ƙofar nan ta saki har ana hango haske ta tsakanin falankanta a Janairu, ya san wannan. A hunturun Kano ko Damagaram laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a tsakiyar damina ta kai 80. Katako yana bin iska: a yanayin farko ruwan jikinsa ya kan koma kashi 4 zuwa 5, a na biyu ya kai kusan 16. Falanki mai faɗi ya kan kumbura ya motse da milimita da dama tsakanin waɗannan lokuta biyu, banish ɗin da rana ta riga ta gasa kuwa ba ya iya bin sa, sai ya tsage. Ruwa ya bi tsagar ya bazu a ƙarƙashin fatar da ta rage, ita kuma ta hana shi bushewa. Daga nan sai farin tabo, sai baƙi, sai ɓarewa. Gyara kuma ba a yin sa da ƙarin shafi. Dole a kankare komai da samfefa har a kai ga katako, lungu da saƙo, aikin da sau da yawa ya fi na farko tsada. Katakon da aka bari tsirara ya yi toka ya fi wannan lafiya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ƙiyasin da masu binciken Madison suka saba bayarwa ya nuna tsarin a sarari. Banish a bainar rana shekara 2 yake yi, ko ƙasa da haka. Man da ke nutsewa cikin katako wanda aka sa wa ɗan launi ya kan yi shekara 3 zuwa 6 a jikin bango. Fenti mai rufewa gaba ɗaya, in an yi aikin da kyau, ya kan yi 7 zuwa 10. Iyakar duhun shafi, iyakar daɗewarsa, domin ƙwayoyin launi su ne ke tare haske. Abin da yake kwance kuwa, kamar daɓen dandamali ko saman benci, ya fi abin da yake tsaye saurin lalacewa, tunda rana tana dukansa kai tsaye, ruwa yana kwanciya a kansa, ƙafa tana gogarsa. Kada kuma ku manta inda aka yi wannan awo. Madison tana kan digiri 43 arewa da layin da ya raba duniya biyu, tana shafe watanni cikin sanyi da ƙanƙara. Kano tana kan digiri 12. Babu dalilin da zai sa mu zaci ranarmu za ta fi tasu sauƙi.

Wani zai ce, ai jiragen ruwan alfarma na katako banish ake shafa musu, suna cikin ruwan gishiri da rana, kuma suna sheƙi. Gaskiya ne. Amma a tambayi masu su abin da sheƙin yake ci. Banish ɗin jirgi iri ne na musamman mai yawan mai, mai iya miƙewa, ana yi masa shafi shida zuwa goma ana gogewa da samfefa a tsakani, sannan a ƙara sabo duk shekara tun kafin tsohon ya tsage, in jirgi yana ajiye kuma a lulluɓe shi da tamfol. Wannan misali hujjata yake ƙarfafawa. Mai shingen lambu ba zai yi wa shingensa hidimar jirgin ruwa ba, kuma bai kamata a sa ran zai yi ba. Wani kuma zai nuna rubutun jikin gwangwani ya ce ai an sa maganin UV a ciki. An sa, kuma yana taimakawa, sai dai sinadaran da ke tare hasken su ma ƙarewa suke yi a hankali, kuma wani ɓangare na hasken da ido ke gani shi ma yana cin lignin. Abin da zai tare shi gaba ɗaya ba zai zama garai ba. Balle kuma a kasuwanninmu, inda ake tsinka banish da tina ko kananzir don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu.

To me ya rage wa mai son ganin jikin katakonsa? Man da ke nutsewa, wanda aka gauraya da ɗan launi da abin kore ruwa da maganin fumfuna. Tun a shekarun 1950 cibiyar Madison ta fitar da wani haɗi irin wannan, na man linsid da kakin farafin da launin ƙasa da maganin ruɓewa, kuma yawancin abin da ake sayarwa yau don dandamali da shinge a kan wannan tunani aka gina shi, ko da yake maganin ruɓewar da suka yi amfani da shi a lokacin an hana shi daga baya saboda guba. Bambancinsa da banish kamar bambancin shafa man kaɗanya a ƙafa ne da ɗaure ƙafar cikin leda: na farko yana shiga jiki, yana kore ruwa, yana barin gumi ya fita, in ya ƙare a sake shafawa. Irin wannan mai ba ya ɓarewa, dusashewa yake yi. Ranar sabuntawa, wanki da buroshi ne, a bari ya bushe, a shafa. Launin da ya fi amfani shi ne na tsatsar ƙarfe, irin wanda ke cikin jar ƙasa, domin rana ba ta cin sa, kuma in an sa shi kaɗan yana ƙara wa maɗaci ja ba tare da ya rufe zanensa ba. Ku kiyayi shafa zallar man linsid a wuri mai laima, fumfuna tana son sa, katako sai ya yi baƙi. Man gyaɗa da manja kuwa ba sa bushewa sam, sai dai su yi maiƙo su tara ƙura.

Yadda ake shafawa yana da muhimmanci kusan kamar abin da ake shafawa. Ɗanyen katako ba ya shan mai, don haka a bar shi ya bushe a inuwa. A shafa ko'ina kafin a haɗa aikin, har bayan da ba a gani, domin in fuska ɗaya ce kawai ta sha mai, ɗayar za ta riƙa shan ruwa ita kaɗai, falanki ya lanƙwashe. Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne bakin da zarto ya yanka, inda hanyoyin ruwan itacen suke a buɗe. Nan yana zuƙar ruwa ninki da yawa fiye da gefe, kuma daga nan ruɓewa take farawa, amma shi ne kafinta mai gaggawa yake mantawa da shi. A ba shi mai har ya ƙoshi. Abin da katako bai shanye ba bayan ɗan lokaci a goge shi da tsumma, in ba haka ba zai daskare ya zama fatar da muke gudu. Kada a yi aikin da tsakar rana a kan katako mai zafi, ko ranar da hazon hunturu ya turnuƙe. Sanin lokacin sabuntawa kuma ba ya buƙatar kalanda: a yayyafa ruwa, in ya tsaya ɗigo-ɗigo da saura, in katako ya shanye ya yi duhu lokaci ya yi, kuma gara a yi kafin ruwan farko ya sauka.

Masu ja da ni suna da wata hujjar da ta fi ta jirgin ruwa da ta rubutun gwangwani nauyi. A ƙasar Norwe akwai majami'un katako 28 da suka rage daga zamanin da, irin ta Urnes da aka gina wajejen 1130 da ta Borgund da ta biyo baya a ƙarshen wannan ƙarni. A Japan, wurin ibadar Horyuji da ke yankin Nara yana da gine-ginen katako tun ƙarni na 7. In katako zai iya yin shekara 800 ko fiye a waje, me ya sa nake tsoratar da ku? Ku dubi yadda aka yi su. Majami'un Norwe baƙaƙe ne, kwaltar da ake tatsa daga itacen fayin ake shafa musu, kuma har yau ana sabunta ta bayan 'yan shekaru. An ɗora ginshiƙansu a kan katakon da ke zaune bisa dutse, ba a cikin ƙasa ba, rufinsu kuma a tsaye yake ruwa ba ya zama. Na Japan ginshiƙansu a kan dutse suke, rufinsu ya zarce bango da nisa har ruwa ba ya cika taɓa jikin ginin. Ba ɗaya daga cikinsu da ya dogara da shafi mai sheƙi. Maginanmu na gargajiya ma haka suka yi tunani. Azarar giginya a cikin rufin soro take a ɓoye, ƙasa ta rufe ta, indararo kuma yana jefa ruwa nesa da bango. Sun kuma san bangon gabas ne ke shan dukan hadari, don haka shi suka fi yi wa yaɓe.

Ma'anar wannan ga kafinta ita ce, kariyar katako tun daga awo da yanka take farawa. Ginshiƙin rumfa ko na shinge a ɗaga shi daga ƙasa da taƙi guda ko kusa da haka, a kan kankare da takalmin ƙarfe. Kan ginshiƙi a yanke shi a karkace ko a yi masa hula. Falankan daɓe a bar ɗan rata a tsakaninsu, kamar milimita 5, don ruwa ya zube iska ta ratsa. Kwanon rufi ya zarce ƙofa. Ƙofar da ke ƙarƙashin baranda mai zurfi, wadda rana ba ta dukanta ruwa ba ya fesa mata, za ta iya ɗaukar banish ta daɗe da shi, nan wurinsa ne, haka ma cikin ɗaki. Wadda ke fuskantar yamma ko gabas babu abin da ya kare ta, ba wurinsa ba ne ko nawa aka sayi gwangwanin.

Sai batun gara, wadda littattafan ƙasashen sanyi ba sa ba ta muhimmancin da take da shi a wurinmu. Babu banish ko man ado da ke hana gara. Ta ƙasa take zuwa, ta shiga ta inda ba a shafa ba, ta cinye ciki ta bar fatar tana sheƙi. Maganinta na farko shi ne zaɓen itace. Zuciyar ƙirya da kawo da loko suna da ƙarfin jure mata, farin katako irin obece kuwa abincinta ne. Ko a itace mai ƙarfi, farin gefen da ke kusa da ɓawo ba shi da wannan kariya, saboda haka falankin da rabinsa ja ne rabinsa fari, rabin katakon waje ne kawai. Da yawa suna shafa baƙin man mota, kuma ba zan ce ba ya yin komai ba. Amma ba ya bushewa, yana ɓata tufafi, fenti ba ya kama inda ya taɓa, yana ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo cutar daji, ruwan sama kuma yana wanke shi zuwa cikin ƙasa, wataƙila kusa da rijiya. Abin da yara za su zauna a kai bai dace da shi ba. Akwai kuma katakon da ake ɗura wa magani da na'ura a masana'anta, mai launin kore-kore. Shahararren haɗin da ake kira CCA, wanda wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya ƙirƙira a 1933, yana da gubar asinik a ciki, har Amurka ta daina amfani da shi a kayan gidaje daga ƙarshen 2003. Guntayen irin wannan katako kada su shiga murhu ko tukubar mai nama, hayaƙinsa da tokarsa guba ne.

Na san abin da ke ran wasunku: duk wannan bayani ba ya kawo ciniki. Mai kaya sheƙi yake so, in ka ƙi yi masa, shagon gaba zai yi, kuma a ranar karɓar kaya aikin wancan zai fi naka ɗaukar ido. Ba ƙarya ba ne, kuma ba na ce ku ƙi aiki ba. Amma ku tuna ƙofar gida a bakin titi take. Bayan damina biyu, duk mai wucewa zai gan ta tana ɓarewa, kuma in an tambayi mai gida wa ya yi masa, sunanku zai faɗa, ba sunan kamfanin banish ba. Addini ma ya hana ɓoye aibin abin sayarwa, kuma gajeren kwanan shafi aibi ne da kai ka sani, mai saye bai sani ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka yanka falanki ɗaya gida uku, ka shafa wa guntun farko banish, na biyu mai mai ɗan launi, na uku fenti, ka ɗora su kan rufin shago su sha bazara da damina guda. Duk wanda ya zo da buƙatar nan ka sauko masa da su, ka faɗa masa kuɗin kowanne yau da kuɗin sabunta shi, ka bar shi ya zaɓa. In ya ce, "Malam, ni dai banish nake so," ka yi masa da kyau, shafi da yawa, ka gaya masa watan da zai kira ka. Sabunta mai a ƙofofi da benciyoyin unguwa kafin damina sana'a ce ita ma, ba ta buƙatar injin ko jari mai yawa, kuma yaran shago za su iya samun na kansu da ita.

Abu na ƙarshe ya shafi tsumman da kuka goge mai da shi. Man linsid da irinsa ba kamar ruwa suke bushewa ba, haɗuwa suke yi da iska, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. A jikin falanki zafin yana watsewa ba a jin sa. A cikin tsummokaran da aka dunƙule aka jefa a lungu kuwa taruwa yake yi, har wuta ta tashi babu ashana. A ranar 23 ga Fabrairu 1991, irin waɗannan tsummokara da ma'aikata suka bari a hawa na 22 na wani bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya, mai suna One Meridian Plaza, suka kama da wuta. Gobarar ta yi kusan awa 19 tana ci, 'yan kwana-kwana uku suka rasu, daga baya aka rushe ginin. Shagon kafinta cike yake da garin katako da tina, kuma yawanci a jere yake da wasu shaguna irinsa. Kafin a rufe shago, a shanya kowane tsumma shi kaɗai a buɗe, a waje, har ya bushe ya ƙandare, ko a nutsar da su duka cikin bokitin ƙarfe mai ruwa a rufe.